Likitan Haƙori a Garken Yaya

Shekara bakwai rabon Likita da gonar gidansu. Da yayansa, wanda ke riƙe da gonar tun rasuwar mahaifinsu, ya kira taron dangi, sai ya taso daga birni cikin farar riga sabuwa fil. Likitan haƙori ne, amma a gida ba wanda ya taɓa damuwa da wannan ƙarin bayanin.

Ya tarar da dangi zazzaune a inuwar rumbu. Ko gaisuwa bai gama ba Yaya ya dafa kafaɗarsa.

"Allah ne ya kawo ka. Baƙar saniyar nan tun safe take naƙuda, abu ya ƙi."

"Yaya, ni fa baki nake dubawa."

"To, yau sai ka zagaya ta baya."

Ba wanda ya yi dariya. Likita ya bi fuskokin dangi da kallo ko zai samu mai cetonsa, kowa ya sa ido a kwanonsa.

A garke saniyar na kwance tana nishi. Aka ajiye wa Goggo kujera a bakin ƙofa. Ƙanwar mahaifinsu ce, ita ke karɓar haihuwar shanun gonar kafin ciwon kafaɗa ya hana ta.

"Cire agogon," in ji Goggo. "Shafa sabulu har hammata. Sa hannu. Me ka taɓa?"

"Wani abu mai tauri, Goggo."

"Kofato ne. Guda nawa?"

"Ɗaya."

"Kai da ƙafa ɗaya aka haife ka? Nemo ɗayar."

Ya runtse ido, kuncinsa manne da cinyar saniya, ya yi ta lalube har ya samo ƙafar a lanƙwashe. Goggo ta sa ya tura maraƙin baya kaɗan, ya rufe kofaton da tafin hannu kada ya ji wa uwar ciwo, sannan ya miƙar da ƙafar. Aka ɗaura igiya a ƙafafun maraƙin. Duk yunƙurin da saniyar ta yi, shi da Yaya su ja. A yunƙuri na biyar maraƙin ya sulɓo ya faɗa kan cinyar Likita, ko motsi babu.

Goggo ta ce, "Share masa hanci. Goge shi da ciyawa. Da ƙarfi mana, ba zai kai ƙararka ba!"

Maraƙin ya yi atishawa. Likita ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya ce warin garke ne.

Goggo ta dogara sandarta ta miƙe. "Hannunka ba laifi. Da ka zauna a gida, da ka zama mutum."

Kafin ya yi wanka ya fito, sanye da wandon Yaya da bai kai masa idon sawu ba, an cinye naman taron, an ɗauki hoton dangi babu shi. Ya zuba ragowar abinci a kwano ya koma garke, ya zauna kan bokiti yana ci, yana kallon maraƙin na fama da ƙafafunsa. Sau huɗu yana faɗuwa kafin ya tsaya.