Ɗige-ɗigen Sajan Mamuda

Kwana uku da zuwan Mukarrama gida Janfalan, ba wanda zai ce ya ga ta zauna ta gama cin abinci. Sai ta kai loma biyu ta miƙe, ta leƙa kwamfuta, ta dawo ta tarar kaji sun taya ta. Mahaifiyarta, Inna Fatsuma, ta gaji da magana, ta ce wannan ai ba ganin gida ba ne, kwamfuta aka kawo ƙauye shan iska.

Abin da ya hana ta sakat takardu ne guda goma sha ɗaya, sun yi ja don tsufa, waɗanda mahaifinta Sajan Mamuda ya ciro daga ƙasan adaka. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana busa a badujalar 'yan sanda. A can ya koyi rubuta kiɗa a kan layuka biyar, a can kuma ƙarar ganguna ta cinye masa kunnen hagu. Kiɗan da ke takardun na goge ne, irin na Turawa da ake jera mutum arba'in su ja tare. Sau ɗaya ya taɓa ganin su a Legas, ya dawo ya rubuta nasa, duk ya rataye shi a siririyar murya can sama, bai kuma taɓa samun ko mutum biyu da za su ja masa ba. Yanzu likita a Zariya ya ce kunnen daman ma ya kama hanya, ba lallai ya kai kaka ba. Shi ne ya kira 'yarsa, mai haɗa kiɗan talla da na fim a Kaduna.

"Kin ce akwai masu goge a akwatin nan naki," in ji shi. "To a ja min in ji, tun ƙofa ba ta rufe ba."

Akwai su kuwa. An naɗi sautin masu goge na gaskiya an zuba a kwamfuta, kowane irin ja da rumbunsa: ga dogon ja mai santsi, ga gajere mai tsalle, ga wanda ake tsakurar tsirkiya da yatsa. Sajan kuma bai bar wa kowa zaɓi ba. Inda yake son tsalle ya ɗiga ɗigo, inda yake son santsi ya ja baka a kan baƙaƙen kiɗan, duk da jan biro. Mukarrama ta kwafe su kaf a manhajar rubuta kiɗa, ba ta bar ɗigo ko ɗaya ba. Sai dai wannan manhaja rubutu ta iya, ba ta iya girki ba. Dole a kwashe aikin a kai shi manhajar haɗa sauti, a daidaita muryoyi, a fitar da abin da za a kunna a lasifika. Kuma ɗigo ba ya ƙetarawa da ƙafarsa. A jerin maɓallan kiɗa irin na fiyano, akwai wasu can ƙasa da ba sa fitar da sauti, aikinsu kawai su raɗa wa masu gogen su canza hannu. Ta zauna ta kwafi jadawalinsu daga wannan manhaja zuwa waccan, suna bayan suna.

Ranar da ta fara kunna masa, da ƙasa za ta tsage da ta shige. Gogen duk suka miƙe suna jan abu ɗaya kamar masu jan guga, ba tsalle ba tsakura. Ƙarin abin haushi, duk inda ya kamata a canza hannu sai wani ƙaton gurnani ya taso daga ƙasa ya buga, gum.

Sajan ya karkato da kunnen dama. "Wa ke daka?"

"Kuskure ne, Baba."

"Ina gogen?"

"Dakan ne ya danne su. Zan gyara."

"To amma mai dakan nan ya karanta takardata," in ji shi. "Duk inda na juya hannu, nan yake sauke taɓarya."

Ba ta ma saurari ƙarshen maganar ba, kunya ta toshe mata kunne. Ita da ake yi wa layi a Kaduna, yau ta kawo wa ubanta turmi.

Tun daga nan zama bai sake ganin ta ba. Solar gidan fitila biyu da rediyo take iya ɗauka, kwamfuta kuwa cin wuta take kamar ba gobe. Ta hau acaɓa zuwa Ikara neman caji, ta zauna a bencin wani shago tsakanin wayoyin mutane tana goge jadawalin tana sake rubutawa. Ta kunna, gum. Ta zargi rumbun sautin, ta sauke shi ta sake ɗorawa, awa biyu suka tafi a banza. Aka ce sabis ya fi ƙarfi a Makarfi, washegari ta nufi can, ta bi ta gonakin rake tana rungume da jaka, tana ƙirga kwanakin da suka rage mata na hutu da waɗanda suka rage wa kunnen. Kullum ta dawo sai ta tarar da shi a zaure, ya ƙure ƙarar rediyo, ya manna shi a kumatu. Ba ya tambayar ta komai, ido kawai yake bin jakar da shi, wannan kuwa ya fi tambaya ciwo.

A Makarfi gaskiya ta fito, kuma ƙanƙantarta ta fi komai ba ta haushi. Don gajiya ta danna maɓallin tsakiya kawai tana kallon allo. Manhajar rubutu ta kira shi na hawa na huɗu, ta haɗa sauti ta kira shi na hawa na uku. Kamar mutum biyu ne ke ƙirga ɗakunan gida, ɗaya ya haɗa da zaure, ɗaya bai haɗa ba. Ita kuwa sunaye ta kwafa, don haka duk maɓallan raɗan nan sun hau hawa ɗaya, sun bar inda ake shiru sun faɗa rumbun manyan goge masu muryar bijimi. Umarni bai isa ba, gurnani ya fito. Ta kama su gaba ɗaya ta sauko da su hawa ɗaya, aikin da bai kai minti guda ba. Ta sa abin ji a kunne ta kunna, sai ga tsalle, ga santsi, ga tsakura, kowane ɗigo a muhallinsa. Kiɗan mahaifinta yana da kyau. Ba ta taɓa sani ba, sai da ta ji hawaye na sauka a kan hannunta a gaban mai shago.

Ba ta jira canji a wurin ɗan acaɓa ba. Ana idar da la'asar ta jona lasifika a zaure, ta sa Inna ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Sajan ya sa hularsa ta zuwa Juma'a, ya jera takardun a cinya, ya ɗora yatsa a layin farko. Ta danna.

Gogen suka tashi siri-siri, suka yi sama, suka watse suna tsalle. Inna ta tsaya da tsintsiya a hannu. Malam Usmanu maƙwabci, da yake wucewa da buhun taki a keke, ya jingine keken ya leƙo, wasu mata biyu masu dawowa daga niƙa suka tsaya a bayansa. Mukarrama ta juya ta kalli mahaifinta, ƙirjinta fal da murna. Yatsansa na nan a layin farko bai motsa ba. Kiɗa ya yi nisa, ya shiga shafi na uku, shi kuwa ya karkato da kunne yana jira cikin haƙuri.

"To, kunna mana, uwata," in ji shi. "Ko cajin ne ya ƙare?"

Gogen na ta tashi a zauren. Inna ta buɗe baki, Mukarrama ta girgiza mata kai. Sai yanzu ta gane abin da ya faru ranar farko. Ba daka ne ya danne gogen ba. Siririyar murya ta riga ta fita daga kunnen tun kafin ta baro Kaduna, kauri kawai ya rage masa. Kwana biyu tana yawo tsakanin garuruwa don ta kashe abu ɗaya tak da yake iya ji.

Ta matsa kusa da kunnensa ta ɗaga murya. "Na'urar ce ke gardama, Baba. Minti ɗaya."

Ta tsayar da kiɗan. Ta kama maɓallan nan da ta sha wuya a kansu, ta mayar da su sama inda suka ɓata, ta ƙure musu ƙara, ta jawo lasifikar har ta taɓa gwiwarsa. Ta kunna daga farko. Tsallen ya mutu, santsin ya lalace, gurnani ya cika zauren. Malam Usmanu ya yamutsa fuska ya ja kekensa, matan suka bi bayansa suna cewa na ɗazu ya fi daɗi.

Yatsan Sajan ya motsa. Ya bi layin, gum, ya tsallaka, gum, yana gyaɗa kai, leɓɓansa suna rera abin da ke tsakani.

"Yauwa," in ji shi. "Nan ne suke tsalle. Kina jin su?"

"Ina ji, Baba."

Ya lashi yatsa ya buɗe shafi na biyu.