Matakalar Asibiti

A matakala ta bakwai Auta ya fara haki. Inna na goye a bayansa, hannunta mai lafiya ya shaƙe masa wuya, wanda ya shanye yana lilo. Maigadin asibitin na biye da su, ɗauke da kekenta na marasa lafiya a ka.

"Auta, sauke ni ka huta," in ji ta. "Wanda ya gina wurin nan dai bai taɓa jinya ba."

Ya ci gaba da hawa. Shi ya zana asibitin, shekara tara da suka wuce. A zanen farko ya sa gangare saboda masu keke, mai asibitin ya ce zai ɓata wa ginin fuska. Don kada aikin ya suɓuce masa, Auta ya goge shi ko gardama bai yi ba. Hoton ginin ne ma a saman shafinsa na sada zumunta, ana ta yi masa kirari a kai.

Da aka shiga da Inna wajen likita, ya zauna a benci, rigarsa sharkaf da gumi. Ta gilashi ya hango wata mai tsohon ciki tana hawowa, dafe da ƙugu, tana tsayawa a kowane taki. Ya bari ta wuce, ya ɗauki hoton matakalar, ya rubuta: "Ni na zana wannan, kuma tun a takarda na san zalunci ne. Mu masu zanen gini mun fi tsoron mai biya a kan mai shiga. Yau a bayana na hau da mahaifiyata." Ya wallafa.

Ko rabin awa ba a yi ba abokin aikinsa ya kira.

"Mutumina, lafiyarka ƙalau? Jibi masu asibitin za su sa mana hannu a kan kwangilar sabon reshensu. Mutum shida ke ci a ofishin nan. Don Allah goge, tun bai kai kunnen mai asibitin ba."

"Ba zan iya ba."

"To ka daɓa wa cikinmu wuƙa." Ya katse wayar.

Sharhi ya yi ta shigowa. Wasu na ce masa jarumi, wasu abokan sana'a na tona nasu asirin: ajin da iska ba ta shiga, benen da ba ƙofar tsira. Yabon bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Can ƙasa wani ya rubuta: "Mun ji, Malam. Gobe zan ga likita a nan, ƙafa ɗaya gare ni. Ta ina zan shiga?"

Auta ya karanta har sau uku. Amsar masu zane ba ta da amfani a nan.

"Ƙarfe nawa?" ya rubuta.

"Tara na safe."

"Za ka same ni a gindin matakalar."