Ganye a Kan Kwalta

Tun da Alhaji Sada ya sayi motar nan kunnuwanmu ba su huta ba. Mijina ne, taki yake sayarwa a Funtua, gwiwarsa ta dama kuma ta daɗe tana ba shi wahala. Da dillali ya ce masa akwai motar da ke riƙe gudu da kanta, ko gida bai dawo ya yi shawara ba. Wai sai ka saita mata gudun da kake so, ka ɗauke ƙafa daga totur. In ta gaba ta rage, ita ma ta rage. In hanya ta buɗe, ta koma gudunta. Alhaji ya ce ai wannan ta fi wasu masallatan iya bin liman.

Bayan suna muka je Malumfashi ɗauko 'yarmu Bushra wankan gida, haihuwarta ta fari. Jaririn sunan Alhaji ya ci. A hanyar dawowa, ni da mai jego muna baya, Alhaji yana gaba shi kaɗai, sai washe baki yake.

Na ce, "Alhaji, a bi a hankali, ɗanyen goyo ne da mu."

Ya ce, "Hajiya, motar nan ta fi ni hankali."

"Wannan kam ban musa ba."

Bushra ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Damina ce, masara ta fi mutum tsawo dama da hagu. Muka sami wata bas ta haya a gabanmu, Alhaji ya danna abinsa a jikin sitiyari. Gaskiya motar ta iya bi. Bas ta rage, mu rage. Bas ta ƙara, mu ƙara, tazara ɗaya ba gaba ba baya. Har na fara sakin jiki, sai na hango mutumin nan ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar dama a kan kujera kamar mai zaman tabarma, yana matsa gwiwa. Raina ya ɓaci, amma ban so in yi masa faɗa a gaban 'yarsa ba.

Daf da wata kwana na ga reshen dogon yaro a kan kwalta, ɗanye shar. Can gaba ga wani. Kowa ya san in an jera ganye haka, mota ce ta mace a gaba. Direban bas ya sani, ya kauce ya hau ɗaya hannun.

Tamu motar ba ta san ganye ba. Da ta ga liman ya ɓace, sai ta ɗauka hanya ce ta buɗe. Na ji ta zabura.

Muna shan kwanar ga babbar mota tsaye, shaƙe da buhuna, ta cinye hannunmu gaba ɗaya.

"Alhaji, birki!"

Wani abu ya shiga ƙara a cikin motar, ƙit-ƙit-ƙit. Alhaji ya zaro ƙafa, ta sarƙe a babbar riga. Ya fizge, ya taka, ashe takalminsa ya taka. Na rungumo Bushra da jaririn, ina salati da ƙarfi. A taku na biyu ya sami birkin. Taya ta yi kuka, kaina ya bugi kujerar gaba, kwanon yajin jego ya kife a ƙafafunmu.

Muka tsaya. Da na ɗago, ƙarfen bayan babbar motar ne ya cika gilashin gaba, har tsatsarsa nake gani.

Alhaji ya ja da baya, ya sauka gefen gona ya kashe mota. Nan ne na lura jaririn bai yi kuka ba, ko motsi babu.

"Bushra, buɗe shi."

Ta yaye shawul ɗin. Idonsa a rufe. Sai ƙamshin yajin ya kai masa, ya yamutsa fuska, ya yi atishawa, ya tsala ihu. Wallahi ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba. Bushra ta fashe da nata kukan tana dariya, ni ma na taya ta.

Alhaji ya fito ba takalmi, ya zagayo ya buɗe ƙofarmu. Hularsa ta karkace, zufa ta jiƙa masa wuya.

Ya ce, "Dillalin ya faɗa mini fa. Ya ce ba kullum take ganin abin da ke tsaye ba, kada ƙafata ta yi nisa da birki."

Na tanadi maganganu da yawa, amma da na ga idonsa sai na haɗiye su. Na ce, "To yanzu ka ji."

Ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ya miƙo hannu. "Ba ni takwarana."

Bushra ta ce, "Ga shi, Baba."

Ya dubi hannayensa, sai kakkarwa suke. Ya janye su a hankali.

"A'a, riƙe shi tukuna. Bari dai in gan shi."