Noti a Wutsiyar Kunama

"Ke dai hwaɗa mani gaskiya, Amatullahi. Idris na kig gani, ko wani mai kama da shi?"

"Shi na, Inna Murja. Da hantsi. Ta bayan Kunama yah hito, hannunai dut baƙin mai, shina waige-waige."

Inna Murjanatu ta ajiye carbinta a kan tabarma. Na ga yadda ta danne leɓenta na ƙasa da haƙori, na kuma ji wani abu ya motsa a ƙirjina, rabinsa tausayi, rabinsa, Allah Ya yafe mini, daɗin cewa ni ce na san abin da kowa bai sani ba. Washegarin rasuwar mijinta ne, Baba Gado, maƙwabcinmu a Jega, wanda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa.

Kunama kuwa tsohuwar katafilarsa ce, mai faffaɗan bokiti a gaba da dogon hannun haƙa a baya. Wannan hannun ne ya jawo mata sunan, don idan ta lanƙwasa shi sai ka rantse wutsiya ce. Baba Gado ya saye ta a matsayin mushe daga wani kamfanin hanya da ya yi wa tuƙi shekara da shekaru, ya kuma tashe ta da hannunsa a filin da ke tsakanin gidajenmu, ƙarƙashin dogonyaro. Da ita yake haƙa wa masu albasa tafkin ban-ruwa a Jiga Birni, da ita yake yashe magudanai a Dangamaji kafin damina. Tagar ɗakina tana kallon filin, don haka na tashi ina karatu da ƙarar sifana a kunnena.

Ban taɓa ganin mutum yana son ƙarfe kamar yadda yake son ta ba. Kullum da safe sai ya zagaye ta da famfon giris, gaɓa bayan gaɓa, yana matsawa har sai tsohon giris ya ɓullo baƙi, sannan ya share da tsumma kamar mai goge wa jinjiri baki. Yakan wanke matatar iska, ya duba tiyo ɗaya-ɗaya da tafin hannu yana neman inda ya yi gumi, ya yanka gasket, abin tare yoyon mai, daga kwalin takalma. Notuna suna cikin gwangwanin madara, kowane girma da nasa gwangwanin. Bakanike bai taɓa cin ko sisinsa ba. Yana da doka guda da ko yaran unguwa sun haddace: bokiti ƙasa, sannan makulli. Bai taɓa kashe injin ya bar ƙarfe a sama ba, don ya ce abin da ke sama ƙasa yake nema, kuma ba ya tambayar wane ne a ƙarƙashinsa.

Idris ƙanensa ne, ciki ɗaya, direban babbar mota mai ɗaukar albasa daga Aliero. Shekara bakwai da suka wuce ya ɗauki Kunama ba da izini ba, ya ga mai ya yi ƙasa, ya ɗura mata baƙin man inji a tankin da ba nasa ba. Famfon ya lalace, ta yi wata huɗu a kwance. A gaban mutane Baba Gado ya rantse da Allah cewa hannun Idris ba zai ƙara taɓa ta ba. Tun daga nan gaisuwar Salla kaɗai ke haɗa su, ita ma a tsaye.

Ranar Litinin ɗin da ya rasu, bayan azahar, Inna Murja ta aiko masa da fura aka same shi jingine da dogonyaro, hularsa a kan fuska, kansa ya karkata, kunne ɗaya na fuskantar katafilar. An yi ta kiran sunansa. A asibiti aka ce zuciya ce, dama yana fama da hawan jini. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Sai da aka dawo daga maƙabarta mutane suka lura. Wutsiyar Kunama tana tsaye a sama, injin a kashe. Daga haƙorin ƙaramin bokitin da ke bakinta wani farin zare ya sauko, a ƙarshensa an ɗaure noti guda. A ƙarƙashin notin, a ƙasa, tasar cin abincin Baba Gado ce, a kife.

"Gado bai barin ƙarhe sama," in ji Kande, matar mahaucin da ke bayanmu, tana leƙe ta ƙofar gida. "Wanga ba aikinai ba na. Kuma tasar mutum a kihe? Kowa dai ya san mi aka nuhi da kihe tasar mutum."

Ni kuma na ga Idris da hantsi. Na kwana da abin a raina, da safe na kai wa Inna Murja.

A nan ne ta tuna wani abu da ya ƙara dagula ruwan. Ranar Lahadi, in ji ta, Baba Gado ya sa ta auna gero mudu goma, a kai gidaje goma na marasa hali, ya kuma ƙi gaya mata dalili.

"Na ce mashi sadakar mi ta? Yac ce ke dai auna."

"Ya ji a jikinai," in ji Kande, da ke zaune kusa da mu, a hankali. "Ya ji ana yi mai wani abu, shi ya sa yat tare da sadaka. Ba ta dai riga ta kai ba."

Da yamma buhun shinkafa ya iso daga Idris don abincin masu zaman makoki. Inna Murja ta sa aka mayar da shi a kan baron da ya kawo shi.

Abin da ya fi tayar wa mata hankali shi ne notin yana sauka. Ranar farko tsakaninsa da tasar ya kai taki guda. Ranar Talata ya ragu. Ba wanda ya taɓa, ba wanda ya kusanta, an ma kewaye wurin da ƙaya saboda yara, amma duk wadda ta leƙa sai ta dawo ta ce ya ƙara matsowa. Ban san bakin da ya fara faɗa ba, sai dai kafin la'asar magana ta zagaye unguwa cewa ranar da notin ya taɓa tasa wani zai bi Baba Gado daga gidan. Inna Murja ta kira jikokinta biyu ta hana su fita ko zaure.

Idris yana zaune a can ƙarshen tabarmar maza, inda inuwa ta ƙare. Masu gaisuwa sukan miƙa masa yatsu su wuce. Ta tagata na ji mahaifina ya tambaye shi kai tsaye, murya ƙasa.

"An ce an gane ka nan ran Litinin."

"Na zaka."

"Mi yak kawo ka?"

"Tsakanina da yayana na, Malam."

Wannan amsa ta fi shiru muni. Ni kuwa ina ɗaki ina haɗa labarin a kaina, irin na littattafan da na cinye tun ina ƙarama: ƙani mai ƙullaci, gado a gaba, tsohuwar rantsuwa. Komai ya zauna daram. Sai can wani lokaci nakan tambayi kaina, shin waige-waige ya yi, ko waige ɗaya? Ɗaya ne. Ni na ƙara sauran, don ya fi daɗi a baki. Ban koma na gyara ba.

Ranar addu'ar uku, da hantsi, kabu-kabu ya sauke wani tsoho siriri mai farin gemu. Malam Garba ne daga Maiyama, abokin aikin Baba Gado tun zamanin kamfani, labari bai same shi da wuri ba. Ina zaure a lokacin, na kawo kunu. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, ya shafa. Yana ɗaga kai idonsa ya faɗa kan Kunama, sai ya miƙe ya nufe ta.

"Malam, kada ka matsa," wani ya ce. "Akwai magana a wurin."

Bai ko juyo ba. Ya janye ƙayar da sandarsa, ya tsaya daga gefe, ba ƙarƙashin hannun ba, ya durƙusa ya miƙa yatsunsa tsakanin notin da tasar. Biyu suka shiga.

"Yaushe anka ɗaga ta?"

"Tun Litinin," in ji mahaifina.

"Litinin." Ya ƙirga a yatsu. Sai ya yi wata 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya sa bakin rawaninsa ya share ido. "Gado, Gado. Ka ci ni har ka tahi."

Ya dawo ya zauna a bakin zaure. Inna Murja ta taso daga ciki ta tsaya bayan labule, inda na koma na laɓe, kafaɗarta na gogar tawa, ina jin numfashinta.

"Maman yara, kina ji na? In ce dai wutsiyar ga tana sauka da kanta kwanan baya?"

"Tun azumi shika ƙorahi," ta amsa. "Wai in ya ɗaga, kahin shi sauko ta sunkuya."

"To robar cikin silinda ta, bututun da ka ɗaga wutsiyar, ta cinye, mai na zurarewa. Ita yac canza. Mu haka munka koya a daji, inda babu ma'auni. In ka gama sai ka ɗaga, ka kashe inji, ka rataya noti taki guda bisa tasa, ka kihe tasar don ta yi ƙara. Sai ka samu inuwa ka kwanta ka ba ta kunne. In kaj ji ƙwal kahin ka gama shan shayi, aikinka banza, sake kwancewa. In awa biyu ta wuce shiru, ka tashi ka sauke abinka." Ya nuna dogonyaron da haɓa. "Sauraro shika yi. Kwana ukku, tsohuwar ga ba ta taɓa ba. Ko sabuwa sai haka."

Na ji kunya tana hawa mini daga ƙafafu kamar ruwan zafi.

"Abu guda dai ban gane ba," Malam Garba ya ci gaba. "Sandan ƙarhen da ke cikin silindar ga ya hi buhun albasa nauyi. Mutum guda bai zare shi, bai maishe shi, bale mai shekarun Gado. Wa yak kama mashi?"

Idanu suka juya, ɗaya bayan ɗaya, zuwa ƙarshen tabarma. Idris yana kallon tafin hannunsa. Har yanzu akwai baƙi a gefen faratansa.

"Yac ce kada in hwaɗi," ya ce da ƙyar.

"Ya tahi, Idris," in ji mahaifina. "Kai ka rage."

"Ran Asabar yak kira ni. Shekara bakwai lambatai ba ta hito a wayata ba. Yac ce, Idi, ƙarhina ya gaza, ka zaka ka kama mani, amma ta baya, kada unguwa ta ce Gado ya lashe rantsuwatai. Na ce Yaya, rantsuwar hwa? Yac ce wannan tsakaninai da Ubangiji na, shi za shi biya kaffara." Ya murza baƙin da ke faratansa. "Munka maida sandan. Ya ba ni sifana yac ce in ɗaure da kaina. Shina tsaye kaina shina hwaɗa, wai har yanzu hannuna na direba na, ba ni san ɗauri ba. Da za ni tahi yac ce in dawo da marece in ji sakamako."

A bayan labule Inna Murja ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi.

"Mudu goma," ta ce, da ni ko da kanta, ban sani ba. "Gida goma. Ciyar da miskinai goma. Ni da nika zuwa islamiyya, ban gane ba."

"Inna," na ce, hawaye na zubo mini, "waige guda yay yi. Ni nik ƙara."

Ta dube ni, duban da har yau nake gani idan na rufe ido. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta sunkuya ta kwance haɓar zanenta, inda ta ƙulle makullin Kunama tun ranar da aka cire shi daga aljihun mamacin, ta sa mini shi a tafin hannu ta naɗe yatsuna a kai.

"Ke kik kawo magana, ke za ki kai wanga."

Na fita da mayafina a ka, na ratsa gaban maza, tabarma bayan tabarma, har ƙarshe inda rana ke dukan Idris. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Bai karɓa nan da nan ba. A bayansa iskar gabas ta fara kaɗawa, irin wadda ke zuwa gabanin ruwan farko, notin yana juyawa a hankali a bakin zarensa, yatsa biyu sama da tasar.

Sai muryar Inna Murja ta fito daga bayan labule, a sarari, yadda na ƙarshen layi ma zai ji.

"Ku shaida. Babu mai sauke hannun ga sai Idris. Kuma a koma a ɗauko shinkahwatai, ita za a dahwa yau."