Kilo Shida na Ntate Mokhethi

Shekara goma sha huɗu ina korar tumaki daga filin jirgin ƙauyenmu, ni ke kuma riƙe da sikeli, amma ban taɓa ganin mai taurin kai irin Ntate Mokhethi ba (Ntate shi ne "baba" a harshenmu). Shekara uku yana tattalin rago ɗaya, burinsa ya ci gasar gashin tumaki a Maseru, babban birninmu, a kira sunansa a rediyo.

Nthabeleng, matuƙiyar ɗan jirgin da zai kai shi gasar da ragon, ta aika masa cewa ya zo da sanyin safiya. A kan duwatsun nan iska ba ta da kauri, rana na zafi sai ta ƙara tsinkewa, jirgi ya kasa ɗaukar abin da ya ɗauka da hantsi. Filin gajere ne, ƙarshensa kuma kwazazzabo ne da ko dutse ka jefa ba ka jin faɗuwarsa. Gogan naka sai da ya share tuwon masara malmala uku, ya iso rana tsaka yana gyatsa.

Na auna ragon, na auna shi. Nthabeleng ta duba takardarta ta ce, "Ntate, kun yi nauyi da kilo goma sha ɗaya."

"Sikelin ne ya tsufa!"

Na ce, "Bara da ya auna gashin tumakinka ba ka ce ya tsufa ba."

Ya jefar da sanda. Ya tuɓe takalman roba, ya cire hula. Sai ga shi ya kwance bargo, wanda a wurinmu shi ne suturar mutunci. Mutumin dutse ba bargo, a gaban mata! Ni kaina sai da na ji masa kunya. Duk da haka saura kilo shida.

Wani tsoho ya ce, "A aske ragon mana, gashinsa zai kai haka."

Mokhethi ya rungume ragon kamar an zo yanka shi, ya marairaice. "Haba 'yata, ki ɗan ƙara wuta kawai."

Ta nuna ƙarshen filin. "Ntate, kwazazzabon can bai san 'yata ba."

Duk wannan abu matarsa, Mme Mamokete, wato Mama Mamokete, tana gefe tana kallo. Siririya ce kamar sandar da ya yar, kuma kowa ya san ita ke fita cikin ƙanƙara tana yanko wa ragon ciyawa. Sai kawai ta hau sikeli a madadinsa. Har da rara. Ta tsinci bargonsa a ƙasa ta yafa, ta ce sama akwai sanyi, ta ja igiyar ragon. Jirgi ya tashi sumul, ya bar Mokhethi da singileti.

Ran Asabar muka cika kantin ƙauye, shi ne a gaba, kunne manne da rediyo. Aka ce ragon Mme Mamokete ne ya zo na ɗaya. Wallahi na tausaya masa, amma dariya ta ci ƙarfina. Mai rediyon ya tambaye ta sirrin kiwonta.

Ta ce, "Ba wani sirri, ɗana. Sammako ne."