Na Riga Su Kukan Babu

Shekara shida ina aikin sito a wani kamfanin sayar da kayan gini, kuma ban taɓa ganin albashina ya kwana goma a hannuna ba. Ba almubazzaranci nake yi ba. Dangi Allah ya hore min, masu jiyo ƙamshin albashi tun kafin banki ya turo saƙo. Kawu ya bugo waya, rufin ɗakinsa na yoyo. Gwaggo ta bugo, ciwon ido ya matsa mata. Ɗanta kuwa kullum saura ƙiris ya fara sana'a. Ga Manaja a kaina, mutumin da in ka yi atishawa a sito sai ya tambayi wanda ya ba ka izini.

Burina ɗaya ne: in sayi ƙaramar motar ɗaukar kaya, in dire wa Manaja makullansa a kan tebur, in ci gashin kaina. Na yi lissafi, in na riƙa ɓoye rabin albashina shekara uku, mota ta samu. Matsalar ita ce ban iya cewa a'a ba. Da na buɗe baki sai "to, bari mu gani" ta fito, kuma kowa a danginmu ya san wannan alkawari ne.

Sai na ɓullo da dabara. Ana saura kwana biyar a biya albashi, ni nake fara kiransu.

"Kawu, ina wuni? Wallahi da kunya na kira ka. Ko za a samu ɗan wani abu a wajenka zuwa ƙarshen wata?"

"Me ka ce? Ba na jin ka sosai, ɗana. Wayar nan tana ba ni wahala."

Wayar Kawu ba ta sake warkewa ba. Gwaggo ta koma yi min addu'a daga nesa, ɗanta kuma in ya hango ni sai ya tsallaka titi. A watan farko na ga rabin albashina ya kwana talatin cur a asusu, har na yi ta buɗe wayar ina kallonsa kamar sabon jariri.

Da na ga abin ya karɓe ni, sai na ƙware. Takalmina ya buɗe baki, na bar shi a haka. In za ni gaida Inna, nakan sauka daga mota tun da nisa, in ƙarasa a ƙafa don in shiga da gumi. Har wata irin ajiyar zuciya na koya, wadda nake saki kafin in amsa gaisuwa. Ban ji kunya ba ko kaɗan. Alfahari ma nake yi, ina ganin duk gidanmu ni kaɗai na san ciwon kaina.

Saura wata biyu kuɗin su cika, Inna ta ce damina ta matso, kowa ya kawo abin da ya samu a gyara wa Kawu rufi. Raina ya ɓaci, don na riga na ga motar, na ma zauna a cikinta na murza sitiyari. Sai na ƙara wa labarin gishiri. Na ce kamfani ya zaftare mana albashi, mai gidan haya kuma ya ba ni wata biyu in kwashe kayana. Inna ta yi salati, ta ce in manta da zancen rufi.

Ranar da kuɗin suka cika na rubuta takardar ajiye aiki, na ninke ta a aljihu, ina jira Manaja ya dawo daga cin abincin rana. Sai mai gadi ya leƙo ya ce ƙanwata na bakin ƙofa.

Autarmu ce, tela. Ita kaɗai ban taɓa kira ba, don ba ta taɓa roƙona komai ba. Shekara biyar ta yi tana ɗinki a shagon wata mata mai baƙar magana, tana tara ɗan abin da ake ba ta, har bara ta sayi kekenta ta koma aikin kanta. Na same ta tsaye a rana kusa da tarin buhunan siminti. Ta miƙo min ambulan.

"Inna ta gaya min komai, Yaya. Ka kai wa mai gidan, kada ya watso maka kaya waje."

"Ina kika samu wannan?"

"Keken na sayar."

"Kika me?"

"Kai, Yaya, ƙarfe ne fa. Na koma shagon matar nan tun shekaranjiya. Ta ɗan yi min gori, amma ai kunnena ya saba."

Na buɗe na duba. Abin da ke cikin ambulan ɗin bai kai kuɗin tayoyin motata ba. Na so in ce mata ƙarya nake yi, shekara uku ina yi, amma na rasa ta inda zan kamo zancen. Na ce ta mayar, ta ce wanda ya saya ya riga ya tafi da shi wani gari. Ta danna min ambulan ɗin a hannu ta rufe da nata.

"Kada ka gaya wa Inna, na ce mata gyara na kai shi. In ka samu ka biya, in ba ka samu ba na yafe." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya tana dariyar kunya. "Af, ka ga shirmena, duka na zuba a ciki. Ko kana da ɗan kuɗin mota?"

Ban san lokacin da na saki ajiyar zuciyar nan ba. Bakina ya riga ni.

"Wallahi, Auta, yau ɗin nan..."

"Bari, Yaya, na sani," ta ce da sauri, don kada ta ba ni kunya. "Ba nisa. Zan taka."