Fitilar Baba Horace

Daren Alhamis ne, tsakiyar Disambar 1943, hazo mai jiƙa tufa ya rufe ƙauyen har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Wilf yana tsaye a ƙofar gida yana sauraron jirgin da ke zagaye a sama. Jiragen da suka je zuba bama-bamai a Jamus sun fara dawowa, amma wannan ya kasa gano filin sauka. Sau huɗu ke nan yana wucewa ta kan rufi, kowane zuwa ya fi na baya yin ƙasa.

Doreen ta fito lulluɓe da bargo. Mijinta Alec shi ne mai harba bindigar da ke wutsiyar ɗaya daga cikin jiragen, wata uku ke nan da suka kama haya a jikin gidan su Wilf.

"Na su Alec ne," in ji ta.

"Duk kukansu ɗaya, Doreen."

"Na ce maka nasu ne."

Wilf ya ruga wurin Baba Horace, tsohon da aka ɗora wa aikin hana kunna wuta da dare, don kada jiragen Jamus su ga haske. Ya tarar da shi a bakin gonarsa, riƙe da fitila a kashe.

"Baba, mu cinna wa tarin ciyawarka wuta. In suka ga haske za su san inda ƙasa take."

"Ko ashana ba a ƙyastawa, ka sani."

"Namu ne fa."

"Ka gani da idonka? Bara ma haka aka ce, ashe na Jamus ne ya biyo sawunsu. Gida biyu ya tafi da su."

"To ba ni fitilar."

Tsohon ya rungume ta a ƙirji. Suna nan tsaye injin jirgin ya yi tari, ya sake yi, ya ɗauke. Sai ƙara daga bayan gonar dankali, kamar an kifar da motar langa-langa. Wuta ba ta tashi ba, babu sauran man da zai kama.

Sai a lokacin Baba Horace ya kunna fitilar.

Da suka isa, suka tarar wutsiyar jirgin ta ɓalle ta faɗa cikin lambatu. Alec na ciki, ƙarfe ya lanƙwasa ya danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Wilf ya tsige gungumen shinge ya sa a ƙarƙashi ya danna, gungumen ya karye.

"Wilf ne?" Alec ya ce a hankali. "Kai da soja suka ƙi saboda tari, kai za ka ɗaga jirgi?"

"Yi shiru, motar asibiti na zuwa."

"Je sansani ka cinye ƙwaina, kafin matuƙinmu ya riga ka. Mayen ƙwai ne."

Duk wanda ya dawo da rai, ƙwai ɗaya ake soya masa. Wilf bai gaya masa ya tsallake gawar matuƙin a hanya ba.

Alec ya juyo da ido wajen tsohon. "Kun iya aikinku, Baba. Ko ɗigon haske ba mu gani ba."

Da gaske yake yabonsa. Baba Horace ya tuɓe kwat ɗinsa ya rufa masa.

Can cikin hazo muryar Doreen ta taso, tana kiran sunan mijinta.

"Kada ta gan ni haka, maƙwabci," in ji Alec.

Wilf ya dubi ƙarfen, ya dubi jinin da ya cika takalman Alec. Ya cire hularsa ya kifa a kan fitilar. Muryar ta matso, ta tsaya, sannan ta yi wajen coci. Motar asibitin ma suna jin ƙahonta, ta ɓata hanya sau biyu. Kafin ta iso, hannun da Wilf ke riƙe da shi ya yi sanyi.

Da hazo ya washe da hantsi aka ƙirga. Mutum bakwai na cikin jirgin, duka sun mutu. Tumaki huɗu. Bishiyar bakin gona, da kunya goma sha biyu ta dankali. Ranar Litinin Doreen ta hau jirgin ƙasa da akwati ɗaya.